Lissafin da ke Kwance a Garejin Babura

A ƙasar Kance babur ya gaji jaki, ya gaji amalanke, wani lokaci ma har aikin motar asibiti yake yi. Shi ke fito da rake da kayan lambu daga fadamun korama zuwa bakin kwalta, shi ke kawo mai naƙuda Matameye cikin dare, shi ke kai da kawowa tsakanin nan da Dan Barto da ƙauyukan da mota ba ta shiga. Gidaje da yawa tukunyarsu ta dare tana jiran abin da ɗan kabu-kabu zai shigo da shi da magariba. Mu da muka ga abin da ya faru a watan Oktoba na 2013, lokacin da aka tsinci gawawwakin mutum 92 a hamada kan hanyar Aljeriya, yawancinsu mata da yara 'yan wannan yanki, mun san darajar duk wata sana'a da za ta zaunar da mutum a gida. Saboda haka in na ce yau zan yi magana a kan injin babur, kada malami ko uba ya ce wannan hirar makanikai ce. Magana ce ta abincin gida, kuma magana ce ta makaranta.

'Yan shekarun nan wata ɗabi'a ta shigo wa samarinmu ta wayar hannu. Suna kallon bidiyo a TikTok da YouTube, inda wasu a Indonesiya ko Tailan ko Barazil ke kwance ƙaramin babur, su sauya masa kan inji, su faɗaɗa hanyoyin iska, sai ka ga abin yana gudu kamar an harba kibiya. Yaro ba ya jin harshen mai bidiyon, hannunsa kawai yake kallo. Abin da ya gani shi ne an cire kai an sa wani, an goge fuskarsa, an tayar, an yi ihu. Bai ga awon da aka yi kafin a kunna kyamara ba, bai kuma ga irin man da aka zuba a tankin ba. Sai ya taso da rabin ilimi ya nufi babur ɗin gidansu.

Ɗan ƙanwata yana cikin irin waɗannan samari. Shekararsa 17, ya bar kwaleji a aji na uku, uban ya kai shi koyon gyaran babura wajen wani makanike. Hannunsa na da kyau, kowa ya shaida. A gidansu akwai babur ƙirar Sin mai lamba 125, wanda uban ya saya da kuɗin rake na shekara biyu, wansa ke kabu-kabu da shi. Yaron ya yi ta lallashin wan nasa har suka haɗa kuɗi, suka ba wani mai zuwa Kano sautu, ya kawo musu abin da mai shagon ya kira kan tsere. A gaskiya kan injin 150 ne, bawul ɗinsa sun fi na asali faɗi, hanyoyin iskarsa ma haka. Ramukan ƙusoshi suka dace, suka ɗaura cikin murna. Da aka tayar, ƙara ta yi daɗi. Amma da wan ya ɗauki fasinja da buhu ya shiga yashi, sai babur ya riƙa nishi a wurin da a da yake wucewa ba gardama. Abokai suka taru suka yanke hukunci: matsi ne ya yi kaɗan, a samo gilashi da samfefa a kankare fuskar kan.

Kafin ya kankare sai ya biyo ta wajena, don ya san lissafi nake koyarwa. Ya ce, "Kawu, milimita nawa zan ci?"

Na ce, "Matsin nawa ne yanzu, kuma nawa kake so ya koma?"

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ai da kunne muke ji, Kawu."

Abokansa sun gano cutar daidai, matsin ya ragu. Abin da ba su da shi shi ne lamba. Bari in ɗan tsaya in bayyana wa wanda bai taɓa leƙa cikin inji ba, domin sauran maganar a kan wannan ta rataya.

Injin babur ɗinmu irin wanda Bajamushe Nikolaus Otto ya fitar ne a 1876, mai aiki hawa huɗu. Fistan ya sauka ya shaƙo iska gauraye da fetur. Ya hau ya matse su. Filogi, wanda waɗanda suka koyi aiki a Damagaram ke kira buji, ya ba da tartsatsi, wuta ta tashi ta turo fistan ƙasa da ƙarfi. Ya sake hawa ya kori hayaƙi ta salansa. To, idan fistan ya kai ƙarshen hawansa ba ya taɓa kan inji. Akwai ɗan ƙoƙo a ƙarƙashin kan, nan duk abin da aka shaƙo ke taruwa. Ma'aunin matsi shi ne sau nawa filin da ke akwai sa'ad da fistan ke ƙasa ya ninka filin da ya rage sa'ad da yake sama. In an ce 9:1, ana nufin abin da ya cika mudu tara an danne shi cikin mudu ɗaya. Lissafinsa kuwa bai fi ƙarfin ɗan kwaleji ba: ka haɗa filin da fistan ke sharewa da filin ƙoƙo, ka raba da filin ƙoƙo. Shi ke nan.

Ƙarin matsi yana da riba, ba a musu. Inji yana tatso ƙarfi mai yawa daga ɗigon mai guda. Sai dai duk wanda ya taɓa hura tayar keke ya san gindin famfo yana yin zafi, domin iska in an matse ta zafi take yi. Injin gas, wato dizal, da wannan zafin kaɗai yake kunna mansa, ba ya buƙatar filogi, shi ya sa matsinsa ke kai 16:1 ko fiye. A injin fetur kuwa, in matsi ya fi ƙarfin man, ragowar iskar da wutar filogi ba ta kai gare ta ba tukuna sai ta fashe da kanta. Maimakon turi sai ya zama duka. Mai babur zai ji wata ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, musamman in ya ɗauko kaya ya murɗa totur. In aka ci gaba a haka, gefen fistan inda ringi ke zama ya fashe, ko zafi ya taru har ya huda tsakiyarsa. Motocin zamani suna da wata na'ura mai sauraron wannan ƙara, ta jinkirta tartsatsin filogi kafin a yi ɓarna. Baburan da muke hawa a nan ba su da ita. Kunnen mai babur ne kawai, shi ma iska da ƙarar salansa sun cika shi.

Washegari na je garejin da sirinji mai mililita 20 da na saya a kantin magani, da biro, da littafin rubutu. Na gaisa da maigidan yaron, na nemi izininsa, domin ba a shiga wurin sana'ar mutum a koya wa yaronsa abu a bayan idonsa. Ya ce, "Bisimilla, Malam, mu ma mu gani." Muka cire filogi, muka juya inji har fistan ya tsaya a ƙoli bawul duka biyu a rufe, muka kishingiɗar da babur yadda ramin filogi zai kalli sama. Yaron ya riƙa ɗiga mai mara kauri ta ramin yana ƙirgawa, har ya taɓo bakin zaren filogi. Ya ci mililita 18.5. Aka zubar, aka mai da tsohon kan, aka sake: mililita 15.5.

Saura filin da fistan ke sharewa. Wannan samfurin inji, wanda aka kwaikwayo daga Honda CG125, faɗin silindarsa milimita 56.5 ne, tafiyar fistan kuma milimita 49.5. Na miƙa masa biro na ce ya nemo cikin silinda. Ya dube ni ya ce, "Kawu, wannan silindar da Mushe ke zanawa a allo, ita ce wannan?" Ita ce. Kalmar da ke cikin littafin Faransanci ita ce kalmar da yake faɗa sau goma a wuni a gareji, amma shekara uku a kwaleji bai taɓa haɗa su ba. Muka yi tare: rabin faɗi sau rabin faɗi sau 3.14 ya ba da kusan santimita murabba'i 25, sau 4.95 ya ba da mililita 124. Daga nan lambar 125 da ke jikin babur ta fito. Da tsohon kan, 124 a haɗa da 15.5 a raba da 15.5, ya ba da 9. Da sabon kan, 124 a haɗa da 18.5 a raba da 18.5, ya ba da 7.7. Ga dalilin nishin nan a rubuce. An yi ƙoƙon ne don inji mai shaƙar mililita 149, aka kifa shi a kan mai shaƙar 124.

Akwai dalili na biyu, wanda duk mai lambu zai gane. In ruwa kaɗan ne ke tafiya a babban tiyo, a hankali yake zuwa, sai ka danne bakin da yatsa sannan ya yi tsiri. Haka iska take a hanyoyin kan inji. Manyan hanyoyi suna amfani ne sa'ad da inji ke juyawa da matuƙar sauri, kamar a filin tsere. A ƙaramin gudu, cikin yashi, da buhu a baya, iskar lalaci take yi, silinda ba ta cika da kyau. Kuma a nan ɗan kabu-kabu ke wuni.

Sai muka koma ga tambayarsa ta farko. Don matsi ya dawo 9 sai ƙoƙo ya ragu da mililita 3. A raba 3 da 25, ya ba da santimita 0.12, wato kusan milimita 1.2. A ido ba wani abu ba ne, bai kai kaurin kwabon dala ashirin ba. A cikin inji kuwa abu ne babba, domin kan zai sauko kusa da fistan da wannan gwargwado, ga shi bawul ɗin manya ne. Maigidan ya san dabarar gwada wannan. Ya ɗora ɗan yumɓu a saman fistan, aka ɗaura kan ba tare da gasket ba, wanda wasu ke kira juwan, don a kwatanta yadda zai zauna bayan an kankare shi. Aka juya inji da hannu a hankali zagaye biyu, aka buɗe. Bawul na shigar iska ya dannu cikin yumɓun har ya bar 'yar fata kamar bayan albasa. Inji in ya yi zafi ƙarfe yana miƙewa, in ya yi gudu bawul yana jinkirin komawa. Wannan 'yar fatar ba za ta hana su karo ba.

Na kuma sa shi ya lissafa abin da zai faru in mutum ya kankare kan asali, kamar yadda samari ke yi don neman gudu. Milimita ɗaya tana rage mililita 2.5, ƙoƙo ya koma 13, matsi ya tashi daga 9 zuwa 10.5. Milimita ta biyu ta mai da ƙoƙo 10.5, matsi ya kai 12.8. Ku lura, ta farko ta ƙara 1.5, ta biyu ta ƙara 2.3. Duk sa'ad da ƙoƙo ya ƙara tsukewa, kowace gogar samfefa ta fi ta baya haɗari. Ribar fa? A lissafin takarda, tashi daga 9 zuwa 10 ba ya ƙara ƙarfi fiye da kashi 3 cikin 100. A injin da ƙarfinsa bai wuce doki 10 ko 11 ba, ko rabin doki ba a samu ba. Garin neman gira ke nan a rasa ido. Kuma abin da aka kankare ba ya dawowa.

Zaɓi uku suka rage masa. Ko a nemo fistan mai tudu a ka wanda zai cike ƙoƙon, ko a sayo silinda da fistan na 150 su dace da kan, a kuma sauya ƙofar mai ta cikin kafireta, ko a mai da tsohon kan. Na farko ba a samunsa a nan kusa. Na biyu kuɗi ne da ba su da shi. Wan nasa, wanda ya yi kwana huɗu bai kawo cefane yadda ya saba ba, ya ce, "Mai da mini kaina." Aka mayar. Uban yaran bai nemi ganin lissafi ba, abin da ya tambaya kawai shi ne ko babur zai fita gobe. Kan 150 yana nan naɗe a tsumma, yana jiran ranar da za a kawo inji mai girmansa. Yaron bai koma makaranta ba, ban kuma matsa masa ba. Amma littafin nan ya zauna a akwatin kayan aikinsa, kuma duk injin da ya buɗe yana rubuta awonsa.

Akwai abin da mai bidiyon waje yake da shi wanda yaranmu ba su da shi, wato mai. Ana auna juriyar fetur ga matsi da wata lamba da ake kira oktan. Masu tsere suna zuba mai na musamman mai babbar lamba. Mu kuwa namu fetur ne na gama-gari, ko ya fito daga matatar SORAZ da aka buɗe a arewacin Damagaram a watan Nuwamba na 2011, ko ya tsallako iyaka a jarka. Yawancin 'yan kabu-kabu a kwalba suke saya wajen 'yan ruwa-ruwa. Man da ya wuni a kwalba cikin rana sassansa marasa nauyi suna tashi, kuma in an samu marar tsoron Allah ya gauraya shi da kananzir, juriyarsa ta ƙara faɗuwa. Tun da Najeriya ta janye tallafin mai a watan Mayu na 2023, da kuma ƙarancin da aka yi fama da shi a ƙasar nan a watan Maris na 2025, mai babur abin da ya samu shi yake zubawa. A ƙara da zafin watan Afirilu da Mayu da ke wuce digiri 40, da injin da iska kaɗai ke sanyaya shi, da tafiyar yashi wadda inji ke wahala alhali iskar da ke bugunsa kaɗan ce. Kamfanin da ya tsayar da matsin waɗannan babura a wajajen 9 ba rowa ya yi ba. Ya bar sarari ne don mummunan mai da ranar zafi.

Tarihin mota kansa ya nuna cewa matsi bayan mai yake bi. Motar Ford samfurin T, wadda ta fito a 1908, matsinta wajajen 4:1 ne kawai, domin man lokacin ba ya jure fiye da haka. A 1921 wani injiniyan kamfanin General Motors a Amurka, Thomas Midgley, ya gano cewa zuba wani sinadarin dalma a fetur yana kashe wannan ƙara. Matsi ya tashi, motoci suka yi ƙarfi, amma hayaƙin ya watsa dalma a iskar duniya shekaru da dama, kuma dalma guba ce mai daƙushe ƙwaƙwalwar yara. Ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun daina sayar da irin wannan mai a farkon 2006, maƙwabciyarmu Aljeriya kuma ita ce ta ƙarshe a duniya, a 2021. In manyan kamfanoni da ɗakunan bincikensu sun biya wannan farashi kafin su ƙara matsi, bai kamata a bar yaro da gilashi da samfefa ya ɗauka abin wasa ne ba.

Yanzu ga abokan aikina malamai. Kafin in bar garejin, maigidan ya ɗauko wani fistan daga cikin tarkace, tsakiyarsa a huje kamar an soka ƙusa mai zafi. Ya ce na wani babur ne da aka kankare wa kai da ido, ya mutu a hanyar Kance da fasinja a baya. Na roƙe shi ya ara mini shi, da mataccen kai, da tsohuwar silinda. Na shiga da su aji na uku ranar da muke darasin cikin silinda. Ajin da aka saba roƙo kafin a samu mai ɗaga hannu, ranar sai da na tsawatar don a zauna. Na raba su rukuni-rukuni, kowa ya auna faɗin silindar da rula. Wasu suka samu santimita 5.6, wasu 5.7. Masu 5.6 lissafinsu ya ba da mililita 122, masu 5.7 ya ba da 126. Gardama ta kaure a kan wa ya yi daidai, har wata yarinya, wadda ubanta ɗan kabu-kabu ne, ta ce ai rular ce ba ta iya faɗin abin da ke tsakani. Wannan shi ne darasin kuskuren awo, kuma ita ta faɗe shi kafin in rubuta shi a allo. Daga nan muka kifar da kan, muka cika ƙoƙonsa da ruwa ta sirinji, muka raba, muka zana yadda matsi ke hawa in ƙoƙo na raguwa.

Inji guda ya isa malamai huɗu. Mai lissafi ya samu da'ira da silinda da rabo da kashi cikin ɗari. Mai kimiyya ya samu zafi da matsin iska da miƙewar ƙarfe. Mai koyar da sinadarai ya samu ƙonewar mai. Mai tarihi da tarbiyyar ɗan ƙasa ya samu labarin dalma, da tambayar wa ke biyan kuɗin ci gaba. Kayan aikin ba sai an jira su daga Yamai ba, suna zube a bayan kowane gareji. Abin da ake buƙata shi ne malami ya tsallaka hanya ya gaisa da makanike, ya gayyato shi aji ya yi rabin awa yana kwance inji a gaban yara. Yaron da ya ga an tashi tsaye an gaida mai baƙin mai a riga cikin makaranta, zai fahimci cewa sana'a da karatu ba kishiyoyi ba ne. Cibiyoyin koyon sana'a na gundumomi da makarantu irin su Lise Teknik Dan Kasawa ta Maraɗi suna ƙoƙarinsu, amma yawancin yaranmu a gindin bishiya suke koyon gyara, kuma can ne lissafin ya kamata ya iske su. Tun da kundin sake gina ƙasa na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ga wuri mai kyau na fara aiki da ita. Makanikai sun riga sun raɗa wa kowane ƙarfe suna. Saura mu ɗora musu kalmomin awo.

Ga iyaye kuma. Yaron da ke son sanin abin da zai sa inji ya ƙara ƙarfi ba ɗan banza ba ne, irin tambayar da injiniya ke farawa da ita ke nan. Kada a kashe masa wannan sha'awa da zagi. Amma kada a bar shi ya koyi aski a kan babur ɗin da gida ke ci da shi. A nemo masa mataccen inji ya yi ta kwancewa yana ɗaurawa. In kuwa ya zo, ko makanike ya zo, da maganar sauya kai ko kankare shi, uba ba sai ya iya lissafi ba kafin ya yi tambaya uku. Matsin nawa ne yanzu? Nawa zai koma in an gama? Wane mai zai riƙa sha? Wanda ya amsa da lamba, ya nuna inda ya rubuta ta, ana iya sauraronsa. Wanda ya ce kada ka damu, zai yi wuta, to a riƙe kuɗi. A ƙara da ta huɗu: birkin fa? Domin duk gudun da aka ƙara wa babur, birkinsa da tayoyinsa na jiya ne, kan mai tuƙi kuma ba a sayar da irinsa a Kano. In akwai kuɗin kashewa a kan babur, hular kwano da takalmin birki da wanke matatar iska a kan kari sun fi kowane kan tsere amfani a hanyoyinmu.

Yaranmu da suka bar aji ba su bar lissafi ba. Suna tsugune a kansa tun safe har magariba, suna taɓa shi da hannu, suna yi masa awo da kunne da ido domin ba a nuna musu wata hanya ba. Waɗanda ke cikin aji kuma suna haddace ƙa'idojinsa ba su san inda ake aiki da su ba. Tsakanin waɗannan da waɗancan, a garinmu, sau da yawa faɗin kwalta ne kawai. Sirinji bai kai kuɗin kwalbar mai ɗaya ba. Kuɗin fistan da silinda da kwanakin da babur zai yi a jingine kuwa, a tambayi gidan da ya taɓa biya. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya sa albarka a sana'o'insu.